Hannun Ɗan Malam

Kaura Namoda,
6 ga Nuwamba, 1999.

Zuwa ga matata Suwaiba,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da abin da kike ɗauke da shi. Yaya kumburin ƙafar? Yaya Inna da ɗawainiya? Ki gaishe min da yayanki Labbo, ki ce masa albasar da ya aiko daga Shinkafi ta iso, kuma ta fi ta bara yaji. Ni lafiya lau nake, in ban da gwiwar nan da kika sani, da tuwon tasha wanda ya koya mini darajar hannunki.

Amadu direba ya ce kin tambaye shi ko har yanzu ina ɓata yammacina a filin bayan tashar jirgi. Ina ɓatawa, Suwaiba. 'Yan Ƙarshen Dogo sun shiga gasar Sallah, kuma shugaban kulob ɗinmu, Alhaji Nasidi, ya ce shekara uku ke nan da aka ba mu jiharmu kofi bai taɓa kwana a Kaura ba, bana ko ana ha-maza-ha-mata sai ya kwana. Don haka ya ɗauko ni koci, in koya wa 'yan bayansa tarko.

Kin sha ce mini ba ki gane wannan tarkon ba, to bari in gwada a takarda, tunda a nan ba za ki iya tashi ki ce miya na ƙonewa ba. Idan aka turo wa ɗan gaba ƙwallo alhali ya riga ya wuce ɗan bayan ƙarshe, ya yi satar gida, ko ya ci ba a karɓa. To mu 'yan baya huɗu sai mu tsaya a layi ɗaya. Da mun ga za a turo, sai in yi tsawa, mu taka gaba tare, mu bar mutum shi kaɗai a bayanmu. Sannan kowa ya ɗaga hannu, don mai tuta da ke bakin layi ya ɗaga tutarsa. Da wannan na ci abinci shekara takwas, daga Kaduna har Fatakwal, da lamba biyar a bayana. Shi ya sa har yau ake ce mini Hannu Sama, sunan da ba kya so.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Tun da Malam ya dawo daga taron shari'a na Gusau, ba shi da karatu a zaure sai babin shaida. Ran Talata yana dawowa daga ta'aziyya, sai na hango shi tsaye a gindin dogon yaro yana kallonmu. Mahaifin nan nawa da bai taɓa kallon ƙwallo ba, ko lokacin da ake kiran sunana a rediyo. Da na je gaishe shi da safe, sai ya tambaye ni me hannun nan yake cewa idan mun ɗaga shi. Na ce cewa yake na gani, mutumin nan ya yi satar gida. Ya ce kullum idan kun ɗaga kun gani ɗin? Na ce a'a, dabara ce, kowa haka yake yi. Sai ya ce shi dai a iya karatunsa, hannun da ya ce wa alƙali na gani shaida ce, ko a kotu ko a fili. Daga nan ya ce in miƙo masa buta.

Dariya na yi a lokacin. Amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, kwana huɗu ke nan maganar tana bina har cikin salla. Kada ki sa damuwa a ranki, wata rana zan gaya miki.

Ki riƙa shan maganin asibiti, ban da na Inna kaɗai. Allah ya raba lafiya.

Mijinki,
Bilyaminu.


Kaura Namoda,
12 ga Disamba, 1999.

Suwaiba,

Assalamu alaikum. Barkanku da shan ruwa. Ina fata kina lafiya, kuma kin ji maganar Inna kin ajiye azumin nan, Allah bai ɗora miki ba. Gaisuwa ga kowa da kowa.

Ki zauna kafin ki karanta wannan, kuma ki karanta ke kaɗai.

Shekaranjiya a tasha Amadu ya zo da labari daga Zurmi, mutane suna ta tuntsira dariya. Kin san Malam Na'ibi, tsohon malamin firamare, wanda ba a ambaton sunansa a gidanku sai Labbo ya tashi ya fita. Wai ranar duban wata shi ya fara ganin jinjirin watan azumi, yana fitowa daga gona. Ya tafi da saurinsa wurin dattawan masallacin unguwarsu ya ba da shaida. Sai wani ya ce yanzu fa zamanin shari'a ne, ba kowace shaida ake karɓa ba, mutumin da ya ga satar gidan da babu ita, me zai hana shi ganin watan da babu shi? Aka sallame shi da a bari a ji. Ba a jima ba rediyo ta sanar an ga wata a garuruwa da dama. Ko wanda ya bi shi ya ce yi haƙuri babu. Amadu ya ce har yara yanzu Malam Tuta suke ce masa.

Ni ban yi dariya ba, Suwaiba, domin ni na sa masa wannan sunan.

Kina 'yar firamare lokacin, abin da kika sani shi ne abin da aka faɗa a gida. Shekara goma ke nan, wasan ƙarshe tsakanin Kaura da Shinkafi. Aka ɗauko mai tuta daga Zurmi don ba ya kowane ɓangare. Wani mutum ya zo takanas daga kulob ɗin Kaduna don ya ga Labbo, ba ni ba. Wa ya san ni? Labbo kuwa idan ya tashi da ƙwallo ko kare ba ya kamo shi. Muna da ɗaya suna nema, saura minti kaɗan a tashi, aka turo masa. Na yi tsawa, abokaina uku suka taka gaba. Ni da na yi tsawar ban taka ba. Tsoron gudunsa ya riƙe mini ƙafa, na tsaya taku biyu a baya, tsakaninsa da ragarmu. Ni na halatta masa ƙwallon nan. Ya wuce, ya ci, ci mai kyau wanda ba shi da ko ƙura. Kafin ƙwallo ta taɓa raga na yi wuf na matsa gaba na ɗaga hannu, har da tsalle. Malam Na'ibi ya ɗaga tuta.

Sauran kin sani. Labbo ya fizge tutar ya karya ta a gwiwa, aka kore shi, aka hana shi wasa shekara biyu. Mutanen Shinkafi suka ce buhun gero Kaura ta kai wa mai tuta. Mutumin Kaduna ya ce ba ya son mai zafin kai, amma yaron nan mai tsara layi yana da ƙwaƙwalwa, sai ya ɗauke ni. Ranar da zan tafi Labbo ne ya riƙo mini jaka har cikin jirgi. Ya ciro takalmansa na ƙwallo ya ba ni, ya ce ai ƙafarmu ɗaya tun muna makaranta, gara su je Kaduna ko ba da shi ba. Su ne waɗannan da kike gani a ƙasan akwatina, kike tambayata me ya sa ba na zubarwa. Kuma da na dawo da gurguwar gwiwa, shi ya tsaya a gaban kawunnanki ya ce a ba ni ke, shi ne shaida a kan halina.

Sau nawa na buɗe baki zan gaya masa? Sai ya fara zagin mai tuta, ni kuma in ce sai haƙuri. Na gaya wa kaina wasa ne, kowane ɗan baya yana ɗaga hannu, aikin mai tuta ne ya duba. Wannan maganar ta riƙe ni shekara goma. Amma dattijo ya ga wata da idonsa an ƙaryata shi saboda ni, wannan kam ba wasa ba ne.

Ina jin kunyarki ƙwarai. Ina kuma tsoro, ba zan ɓoye miki ba, tsoron in rasa Labbo, in rasa fuskar shiga gidanku, in rasa yadda kike kallona. Kada ki gaya masa tukuna. Ki rubuto mini ko layi ɗaya ne.

Naki,
Bilyaminu.


Kaura Namoda,
27 ga Disamba, 1999.

Suwaiba,

Bayan gaisuwa da fatan kina samun sauƙi, Amadu ya kawo mini takardarki. Na ce ko layi ɗaya, kika kuwa ba ni layi ɗayan cif: ba ni ka yi wa ba. Na juya bayan takardar har sau biyu ko akwai ƙari. Kin yi gaskiya. Na kawo miki kaya ne don ki ce Allah ya yafe, in ji sanyi in zauna. Ashe kin fi ni sanin halina.

Na so in biya ta hanya mai sauƙi. Na tara 'yan bayana na ce daga yau tarko yana nan, taka gaba yana nan, amma kada wanda ya ɗaga hannu sai ya gani da idonsa. Suka dube ni kamar na ce a buga ƙwallo da zani. Ɗaya ya ce, koci, ai hannun da kansa yake tashi. Ban iya yi masa faɗa ba, don ni ma ranar ina bakin layi ina tsawa, sai na ga nawa hannun a sama, ban san lokacin da ya tafi ba.

Mun yi wasan gwaji da 'yan Kurya Madaro bayan la'asar, suka ci mu biyu, ɗayar satar gida ce ƙiri-ƙiri amma mai tuta ya ga ba wanda ya yi ƙorafi, ya bar ta. Alhaji Nasidi ya kira ni gefe ya ce shi Hannu Sama ya ɗauko, ba liman ba, idan wa'azi nake so ga zauren ubana can. Ya ba ni wa'adi zuwa gasar Sallah. Ban ji haushinsa ba, abin da ya saya ne ya ga an canza masa.

Sai dai na gane ko na ɗaure hannun 'yan ƙwallon Zamfara gaba ɗaya, sunan Malam Tuta yana nan a Zurmi. Da an sauko daga idi zan tafi wurinsa. Shi zan fara gani, sannan Labbo. Ban gaya wa Malam ba, na kasa.

Ki gaishe da Inna. Ko ba ki rubuto ba, ki aiko Amadu ya gaya mini lafiyarki.

Mijinki,
Bilyaminu.


Kaura Namoda,
11 ga Janairu, 2000.

Suwaiba,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ina fata nauyin bai hana ki cin tuwon Sallah ba. Amadu ya ce ya gan ki a tsakar gida kina tsintar wake, hankalina ya kwanta.

Jiya na je Zurmi. Na sami Malam Na'ibi a ƙofar gidansa yana gyara keke, ya tsufa fiye da yadda na zata. Ya gane ni tun kafin in faɗi sunana, ya shimfiɗa mini buzunsa, ya yi ta tambayar Malam. Ashe a zaurenmu ya yi karatun fiƙihu shekara uku, tun ban yi wayo ba. Ni ban taɓa sani ba.

Na shirya maganata tun a mota, amma ya riga ni. Ya ce ya san abin da ya kawo ni, na ji labarin wata ne na zo ba shi haƙuri, to kada in damu. Ya ce shekara goma ana zaginsa yana barcinsa lafiya, ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Sannan ya rage murya ya ce zai gaya mini abin da bai taɓa gaya wa kowa ba. Ranar nan shi bai ga layin ba sam. Yana tsaye ta gabas, ranar la'asar ta cika masa ido, bai ga inda Labbo yake ba. Abin da ya gani kawai hannuna ne a sama. Sai ya ce a ransa, wannan ɗan Malam ne, hannun gidan nan ba ya tashi a kan ƙarya. Ya ɗaga tuta. Ya ce duk ranar da zagi ya yi masa yawa, sai ya tuna yana da shaida adali, ya ji sanyi.

Suwaiba, an karya mini gwiwa a fili ban yi kuka ba. Jiya na yi, a gaban mutum, da rana tsaka.

Na gaya masa. Ban rage komai ba, har taku biyun, har tsallen. Na zaci zai zage ni, ko ya ce alhamdu lillahi an wanke shi. Ko ɗaya bai yi ba. Ya ajiye sifanar da ke hannunsa, ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago sai ya ce, ashe ke nan yaron nan gaskiya ya faɗa, ni na zalunce shi. Na ce ba shi ba ne, ni ne. Ya ce a'a, naka daban nawa daban, an ba ni tuta ne in faɗi abin da na gani, ni kuma na faɗi abin da ban gani ba. Ya ce waɗanda suka ƙi karɓar shaidarsa ta wata ba su yi kuskure da yawa ba.

Kin ga abin da na yi? Na je in sauke masa kaya, na ƙwace masa abu ɗaya tak da yake dogara da shi.

Ya tambaye ni yaushe kasuwar Shinkafi take ci, kamar bai sani ba. Na ce Alhamis. Ya ce in biyo masa da safe, zai je ya nemi gafarar Labbo tun yana da rai. Na roƙe shi ya bari in je ni kaɗai, ya ƙi. Don haka jibi muna tafe. Yanzu ki gaya wa Labbo, ko ki ba shi takardar farkon azumi ya karanta da kansa. Gara ya san wanda zai tarba.

Naki ko yaya ta kasance,
Bilyaminu.


Tashar motar Shinkafi,
13 ga Janairu, 2000.

Suwaiba,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kina lafiya. Ina rubuta wannan a kan gwiwata, tsakanina da ke bai fi tafiyar minti goma ba, amma ba zan shigo ba yau. Ki ba Inna haƙuri.

Mun same shi a rumfar albasa, kuma daga ganin fuskarsa na san ya karanta. Malam Na'ibi ya fara ƙoƙarin durƙusawa, Labbo ya yi tsalle ya tare shi, shi ya durƙusa a cikin ɓawon albasa. Ya ce shi ya karya tutar dattijo a gaban jama'a, shi ya fara faɗin maganar buhun gero alhali bai ga buhu ba. Suka yi ta neman gafarar juna, kowa yana cewa nasa laifin ya fi. Labbo ya ce gobe Juma'a zai bi shi Zurmi, ya tsaya a ƙofar masallacin unguwarsu ya faɗa da bakinsa. Na ce ni ma zan je. Bai dube ni ba.

Sai da mutane suka taru sannan ya juyo. Bai ɗaga murya ba. Ya ce abu ɗaya yake so, in faɗa a nan, yadda 'yan rumfa za su ji, ƙwallon nan ci ne ko ba ci ba ne. Na ce ci ne. Ya ce bai ji ba. Na ɗaga murya na ce ci ne, ni na halatta shi, kuma na sani tun a ranar. Labbo ya gyaɗa kai, ya ce to ashe kunnen doki aka yi, ɗaya da ɗaya, shekara goma yana kwana da cewa an cinye su. Ya yi 'yar dariya, amma idonsa ya kawo ruwa.

Ya ce ba Kaduna ce take masa ciwo ba, wataƙila da ya je ɗin shi ma da gurguwar gwiwa zai dawo. Abin da yake masa ciwo shi ne duk ranar da ya zagi dattijon nan ina zaune kusa da shi ina cewa sai haƙuri.

Na miƙa masa hannu. Ya dube shi, ya daɗe yana dubansa, ni kuma na bar shi a miƙe a gaban mutane. Sannan ya ce hannun nan ya sha aiki, in ajiye shi ya huta tukuna. Ya juya ya kama Malam Na'ibi, ya tafi da shi cin abinci.

Ban san tsawon tukunan nan ba, kuma ba ni da bakin tambaya. Gobe zan je Zurmi a wata motar daban, in tsaya inda ya ce in tsaya. Jibi in gaya wa Malam abin da aka yi da sunan gidansa. Wasan gasa kuma ran Lahadi ne, da hannuwa a ƙasa za mu buga, abin da Alhaji Nasidi zai yi ya yi.

Idan Allah ya sauke ki lafiya, ki aiko Amadu ko da wane lokaci ne. Zan zo ranar suna in tsaya a ƙofar gida. Idan Labbo ya ce in shigo, in shigo. Idan bai ce ba, ki sa a fito mini da yaron in gan shi daga nan.

Mijinki,
Bilyaminu.